Tagwayen Cikin Kebul

Shekara talatin da ɗaya Baba Tarho ya yi yana hawa falwaya, kuma in ka kuskura ka ba shi kujera da kofin shayi, sai ya ba ka labarinsu ɗaya bayan ɗaya, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Ma'aikacin kamfanin tarho ne tun zamanin da sai gidan wane da wane ake sa wa waya. Da wayar hannu ta shigo ta faɗa aljihun kowa, har mai tura baro, sai aka sallame su da takardar yabo da agogon bango. Sunan dai ya ƙi barinsa. Yaran layi da ba su taɓa ganin tarhon tebur ba, su ma Baba Tarho suke ce masa.

'Ya'yansa biyar, huɗu daga ciki ba su san bambancin filaya da almakashi ba. Autar ce kaɗai ta ɗauko hannunsa. Ita ba tarho ta koya ba, kebul ɗin kwamfuta take ja a ofisoshi, ta haɗa wannan na'ura da waccan su riƙa aika wa juna saƙo. Wani ɗan kamfani ne ya ɗauke ta, ita kaɗai mace cikin maza goma sha ɗaya, kuma Ogan wurin bai taɓa bari ta manta da hakan ba. Sai bana ya fara ba ta aiki ita kaɗai, sabon ɓangaren wani ƙaramin asibiti mai ɗaki tara. Baba Tarho ya faɗa wa mai shago, ya faɗa wa mai aski, har mai kwasar shara bai tsira ba.

To wata Juma'a da la'asar sai ga Auta ta shigo ba sallamar kirki. Ta yar da jakar kayan aiki a bakin ƙofa, ta zube a kujerar falo ta zuba wa bango ido.

“Ke lafiya?” in ji uwarta. “Ko mutuwa aka yi?”

“Korata za a yi, Mama.”

Baba Tarho ya rage sautin rediyo. Da ƙyar, da jan magana, labarin ya fito. Ta ja kebul ɗaya zuwa kowane ɗaki ta cikin bututun bango, ta gwada, komai ya yi. Magina suka shafe, masu tayil suka manna farin tayil tun daga ƙasa har rufi. Yau Likita mai asibitin ta zagayo dubawa, ta tsaya a ɗakin farko ta ce, to ina za a sa tarho? Ashe kowane ɗaki sai da tarhon tebur, domin bangon wurin kauri gare shi, ɗakunan ciki ko ɗigon sabis babu. In mara lafiya ya rikice, nas tana so ta danna lamba ɗaya a ji ta a ɗakin likita.

“Ki ƙara jan wani kebul ɗin mana,” in ji uwar.

“Na gwada, Mama. Bututun bai fi yatsana ba, lanƙwasa uku gare shi, siminti ma ya zuba a ciki. Na ce a bi da shi ta saman bango, Likita ta ce ita ba a manna mata abin da datti zai maƙale a ɗakin marasa lafiya. Oga ya ce Litinin ƙarfe takwas mai guduma zai zo a fasa tayil ɗin duka, buɗe asibitin ya koma sai bayan sati uku. Ni kuma in taho masa da rigar kamfani da jakarsa. Wai dama ya san za a rina, shi da sake ɗaukar mace har abada.”

Wannan ta ƙarshen ita ta fi ƙona wa Baba Tarho rai. Ya miƙa hannu. “Ba ni takardar zanen ginin, Uwata.” Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Ya kai takardar har kusa da hancinsa, ya bi ta da yatsa ɗaki-ɗaki.

“Wannan ɗan alwatikar da ke jikin kowane bango, me kika ɗauke shi?”

“Soket mana, Baba.”

“Soket ɗin me?”

“Na kwamfuta.”

“In fari ne duka, na kwamfuta ne. In baƙi ne duka, namu ne, na tarho. To in rabi fari rabi baƙi fa?”

Auta ta ɗora hannu biyu a ka. Ita tun da ta fara aiki ba a taɓa ce mata ta ja tarho ba, ina za ta san alamar nan tana nufin kwamfuta da tarho duka biyun? Rashin sani ya fi dare duhu. Uban bai yi mata faɗa ba, ganin ta riga ta yi wa kanta wanda ya fi nasa zafi. Ya ce ta miƙo masa guntun kebul ɗin ya gani. Ya fere bayansa da 'yar wuƙarsa, sai ga siraran wayoyi sili takwas, an murɗe su biyu-biyu, kowane mai launi da farinsa: shuɗi, kore, ruwan lemo, ruwan ƙasa.

“Kai, kwamfutar nan akwai haɗama,” ya ce. “Sili takwas ita kaɗai?”

“Ba duka take ci ba,” in ji Auta, murya a mace. “In ba gudun fitar hankali ake nema ba, huɗu sun ishe ta, kore da ruwan lemo. Shuɗi da ruwan ƙasa sai su yi ta zaman kashe wando.”

Baba Tarho ya ajiye kofin shayinsa a hankali. “Sake faɗa in ji.”

Ta sake faɗa.

“Uwata, tarho sili biyu yake so. Biyu tak! Na kai magana ƙauyen da sai an yi rabin wuni a mota, a kan sili biyu. Kina da huɗu a cikin bango suna barci, kuma za a kawo miki mai guduma?”

Ta miƙe zaune sosai. Ta karɓi guntun kebul ɗin ta juya shi kamar yau ta fara ganinsa. Can kuma fuskarta ta sake faɗuwa. A makaranta an ce musu kowa da nasa kebul, don in tarho ya yi ƙara wutarsa da ƙarfi take zuwa, za ta iya rikita kwamfuta.

“An gaya muku dalilin da ya sa aka murɗe su biyu-biyu?” in ji shi. “Mu tagwaye muke ce musu. Duk hayaniyar da ta bugi ɗaya, ta bugi ɗan'uwansa daidai wa daida, sai ta kashe kanta. Muddin kowa yana tafe da ɗan'uwansa, ba mai jin maganar wani. Ranar da kika ɗauki farin wannan kika haɗa da launin wancan, kin raba tagwaye, ranar za ki ji abin da ba ki so. Ni shekara talatin da ɗaya ban taɓa raba tagwaye ba.”

“Mun shiga uku, an taɓo shekara talatin da ɗaya,” in ji uwar, ta tashi ta nufi kicin. “Ni ban gane komai ba, amma ga alama yanzu za ku iya cin abinci.”

Auta ta kira Oga ta yi masa bayani. Ya ce ta je ta yi wasan da ta ga dama Asabar da Lahadi, shi dai mai guduma yana nan zuwa Litinin.

Da safe Baba Tarho ya zaro tsohuwar jakarsa daga ƙarƙashin gado yana kaɗe mata ƙura. Matarsa ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

“Malam, da wane idon?”

“Da wanda Allah ya ba ni.”

“Kai da shekaranjiya ka tsaya ka yi wa tukunyar gas ɗin maƙwabta sallama, har kana tambayarta mutanen gida?”

Gaskiya ta faɗa. Kusan shekara guda ke nan da yanar ido ta fara rufe masa gani, komai yana ganinsa kamar ta bayan labule, kuma ya hana a gaya wa yara. Ya ce mata aikin waya a yatsa yake, ba a ido ba. Ya roƙe ta kada ta ɗaga wa yarinya hankali a kan wanda take ciki. Ta yi ƙwafa ta ƙyale shi, amma sai da ta cusa masa tocila a aljihu.

Likita mace ce gajera mai maganar gaggawa, irin waɗanda suke sauraronka suna duba agogo. Auta ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce kuskuren nata ne, ga kuma dabarar da suka zo da ita, sai dai kwamfutocin ba za su yi gudun da za su yi da sili takwas ba.

“Sunan mara lafiya da sakamakon gwaji za su wuce?”

“Kafin ki ɗauke yatsa, ranki ya daɗe.”

“Bangona fa?”

“Ko ƙwarzane ba za a yi masa ba.”

“To ki yi. In Litinin bai yi ba, kada ki zo mini da kuka.”

Sabon ɓangaren dogon baranda ne, ɗakuna hagu da dama, sai warin fenti da farin tayil mai ɗaukar ido. Duk kebul taran sun haɗu ne a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala, inda akwatin kwamfutoci yake, nan kuma aka jawo layukan tarho daga tsohon ɓangare. Aikin ba wuya, sai dai yawa. A kowane ɗaki za a cire tsohon soket a sa mai baki biyu, kore da ruwan lemo su tafi bakin kwamfuta, shuɗi ya tafi bakin tarho, ruwan ƙasa a naɗe shi a ajiye don wata rana. A ƙarƙashin matakala ma a raba su haka.

Baba Tarho ya kafa doka irin ta aikinsu na da: wanda ya kama layi shi zai kama shi kai da gindi, don in ya lalace a san wuyan wanda za a riƙe. Auta ta ɗauki ɗaki shida, ta bar masa uku.

Wai, ranar ya ji daɗin duniya. Yatsunsa ba su manta komai ba. Ya yanke bakin kebul ya fere sabo, ya riƙe tagwaye a murɗe har sai sun kai bakin inda za a danna su, ko rabin gaɓar yatsa ba ya warwarewa. Mai launin yana iya gane shi in ya kai shi kusa da taga, farin kuwa ba sai ya duba ba, tunda yana manne da ɗan'uwansa. Auta ta leƙo ta ga soket ɗinsa na farko ta ce, “Baba, wannan ai sai a sa shi a gilashi.” Ya yi kamar bai ji ba, amma sai da ya yi wa soket na biyu waƙa.

Ranar Lahadi bayan azahar ya isa ɗakinsa na ƙarshe, ɗakin gwajin jini, can ƙuryar baranda. Ba taga, kuma masu lantarki sun kashe wutar ɓangaren sai Litinin. Firji biyu da injinan gwaji suna tsaye shiru cikin ledarsu. Da ya cire tsohon soket sai ya tarar kebul ɗin nan gajere ne, ba rarar da zai yanke ya fere sabo. Silin takwas suka fito a warwatse, kowa ya saki ɗan'uwansa. Masu launi ya gane su da taimakon tocila. Farare huɗun ne matsala, don abin da ya bambanta su ɗan ratsi ne siriri kamar zare, wannan shuɗi, wancan kore. Ya kai su ido, ya nesanta su, ya goge tabarau ya mayar. Duk ɗaya yake ganinsu.

Yana jin motsin Auta a ɗakin da ke kusa, taku biyar tsakaninsu. Kalma ɗaya ce, Uwata zo ki duba mini. Amma mutumin da jiya aka ce a sa aikinsa a gilashi, yau ya kira 'yar cikinsa ta nuna masa shuɗi da kore? Girman kai rawanin tsiya ne, kuma Baba Tarho ya naɗa shi ya zauna daram. Ya canka, ya danna, ya ɗaure soket.

Akwai wata 'yar na'urar gwaji ta Auta mai jerin fitilu. In an maƙala rabinta a ɗaki, rabi a ƙarƙashin matakala, fitilun sai su kama ɗaya bayan ɗaya in haɗi ya yi daidai. Ya je ƙarƙashin matakala ya maƙala, sai fitila biyu suka tsallake layi. Wato farare biyu sun yi musanya. Wanda ya san aiki ya san inda zai koma, can ɗakin da ya yi canke. Amma barandar da tsawo, gwiwa tana ciwo, kuma ko ya koma idon dai shi ne. Sai ya musanya farare biyun a nan inda yake, don su dace da na can. Fitilu suka bi layi tsaf. Ita na'urar tambaya ɗaya ta iya, ko sili ya iso. Ba ta tambayar da wa ya taho.

Ya sa tarho ya saurara, layi shiru ƙalau. Auta ta zo ta maƙala kwamfutarta ta hannu, 'yar fitila ta kama. Wani abu ya ɗan soke shi a zuciya, ya ce masa kwanta.

Litinin ya sha wanka ya sa kayansa mafi kyau, ya bi Auta wai rakiya. Ƙarfe takwas kowa ya hallara. Oga ya zo da tumbinsa da makullan mota a yatsa. Likita ta zo da nas biyu. Mai guduma ya kife bokitin fenti a baranda ya zauna, gudumar a kan cinya. An kawo wuta, an kunna komai.

Aka fara da ɗakin farko. Nas ta buɗe kwamfuta ta kira sunan wani mara lafiya, ɗaya nas ɗin ta bugo tarho daga teburin karɓar baƙi. Tarho ya yi ƙara, kwamfuta ko gezau. Aka ɗauka aka gaisa, murya tar. Ɗaki na biyu haka, na uku haka. Oga ya daina kaɗa makulli. Kafin a kai na takwas Likita ta fara murmushi, Baba Tarho kuwa yana bayan kowa, ƙirji a gaba, yana gyaran murya ba dalili.

Sai ɗakin gwajin jini. Firji biyun suna gurnani, injina suna juyawa. Tarho ya yi ƙara, kafin ya yi ta biyu kwamfuta ta tsaya cak, ta ce ta rasa hanya. Nas ta ɗauki tarhon ta nesanta shi da kunne tana yamutsa fuska. Har daga bakin ƙofa ana jin wani zuuu kamar an tsokano gidan zuma.

“Yawwa!” in ji Oga, har da tafi. “Abin da nake jira ke nan. Ba a ɗaure kura da akuya a turke ɗaya.” Ya fizgi na'urar gwaji daga jakar Auta, ya maƙala da kansa, ya tura nas ta karanto masa ɗaya gefen. Fitilu suka bi layi ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani. “Ga shi nan, ranki ya daɗe. Haɗi daidai yake, ba kuskure ko ɗaya. Dabarar ce ta banza. Yau wannan ɗakin ne, gobe sauran takwas, kuma ranar da zai yi miki haka ranar rai yana hannunki. Kai mai guduma, taso!”

Murmushin Likita ya ɓace. Ta dubi Auta, ta dubi agogo.

Baba Tarho shi kaɗai a ɗakin ya san abin da ke bayan soket ɗin nan. In ya yi shiru, za a fasa bango a kori 'yarsa a kan laifinsa. In ya yi magana, ya gaya wa duniya cewa ta kawo tsoho mai rabin ido ya taɓa wayoyin asibiti, wannan ma ya isa kora. Tunda yake bai taɓa jin kunya da tsoro sun haɗu masa wuri ɗaya irin na ranar ba.

“Oga, a ba ni minti biyar,” in ji Auta.

“Na ba ki kwana biyu.”

“Ba ta,” in ji Likita.

Auta ba ta taɓa na'urar gwaji ba. Ta karɓi tarhon daga hannun nas ta kara a kunne, ta toshe ɗaya kunnen da yatsa, ta rufe ido ta karkatar da kai. Baba Tarho ya zuba mata ido, don tsayuwarsa ce sak, haka yake yi a kan falwaya. Bai taɓa zaunar da ita ya koya mata ba. Yana dai tuna wata 'yar mitsitsiya da take bin sa ɗaki in ya dawo da tarhon mutane gyara, tana naci sai an sa mata a kunne ita ma ta ji.

Ta ce a kashe firji ɗaya. Ƙarar ta ragu. Ta ce a kunna, ta dawo. Ta buɗe ido.

“Ba tarho da kwamfuta ne suke faɗa ba,” ta ce. “Da su ne, da sauran ɗakunan ma sun yi. Layin nan hayaniyar ɗaki yake kwasa, kuma layin da yake tafe da ɗan'uwansa ba ya kwasar hayaniya. An raba tagwaye.”

“An raba me?” in ji Oga.

Auta ta riga ta nufi bango. Ta durƙusa ta kwance soket, ta haska, ta zaro farare biyu ta musanya musu wuri. Ta tashi da gudu har gyalenta yana zamewa, ta bi baranda zuwa ƙarƙashin matakala. Mai guduma da ya riga ya miƙe ya matsa mata hanya. Ba a yi minti uku ba ta dawo tana haki, ta ce a bugo.

Tarho ya yi ƙara. Kwamfuta tana nan da sunan mara lafiya a fuskarta. Auta ta hana a ɗauka, ta bar shi ya yi ta ƙara har sau goma, nas tana buɗe wannan shafi tana rufe wancan, ba abin da ya motsa. Sannan ta ɗauka ta miƙa wa Likita da hannu biyu. Likita ta saurara, ta ce, “Halo?” Sai ta yi dariya. “Har tsotsar alewarki ina ji, Sista.”

Mai guduma ya koma kan bokitinsa. Ya ce dama shi tun da ya shigo yake tausayin bangon nan.

Oga dai ba ya son a tashi taro bai kama kowa ba. “To wa ya haɗa ɗakin nan da farko?”

“Aikina ne, Oga,” in ji Auta, ko inda ubanta yake ba ta kalla ba. “Duk taran nawa ne.”

“Ba gaskiya ba ne.”

Kowa ya juyo. Baba Tarho ya ratso tsakanin mutane ya tsaya tsakiyar ɗaki.

“Ni na haɗa shi, ni na raba su. Idona ne ya gaza, girman kai ya hana ni tambaya, na je na rufe kuskure da kuskure. Shekara talatin da ɗaya ban yi ba sai jiya.” Muryarsa ta fara hawa, kuma abin mamaki ba muryar mai neman gafara ba ce. “Amma ku duba nan. Na'urarka ta ce daidai ne. Kai da kake Oga ka ce daidai ne. Ni da na yi ɓarnar na ɓoye ta yadda na san ba mai ganowa sai ya fasa bango. Yarinyar nan da kunne ta kamo ni! Da kunne, cikin minti biyu! A zamaninmu mutum uku na sani da za su iya haka, biyu sun mutu, na ukun kuwa shi ya yi ɓarnar.”

Ba a taɓa ganin wanda aka kama da laifi yana baza ƙirji irin haka ba. Nas ɗaya ta rufe baki da hannu. Auta ta sunkuyar da kai tana cewa, “Baba, don Allah,” amma ina, sai da ya kai aya. Likita ta daɗe tana dubansa, ba maganarsa take bi ba, ƙwayar idonsa take kallo irin kallon likitoci. Ta ce in an gama ya jira ta a wurin zaman baƙi, kada ya tafi sai ta duba masa ido.

Oga ya sosa ƙeya, ya mayar da na'urar gwaji cikin jakar Auta da kansa, ya zuge zif. “Gobe akwai wata makaranta, ɗaki goma sha huɗu,” ya ce, yana kallon wani wuri. “Ki zo da wuri. Kuma ki karanta takarda da kyau, Injiniya.” Da can in ya ce mata Injiniya gatse ne. Yau ya nemi gatsen a bakinsa bai same shi ba.

Aka watse. Auta ta tsaya ɗaure sukurori da tattara guntayen waya. Baba Tarho ya taka a hankali zuwa wurin zaman baƙi, ya samu kujerar roba ya zauna. Ya tabbata in sun koma gida akwai shari'a, uwar za ta ce ai ta faɗa, 'yar za ta ce don me aka ɓoye mata. Ko a jikinsa. Daɗi ne ya cika shi har yana jin kamar ya tare masu wucewa ya ba su labari.

Tarhon teburin nas ya yi ƙara. Ta ɗauka, ta saurara, ta dube shi tana murmushi.

“Baba, kai ake nema.”

Ya tashi ya karɓa.

“Baba, daga ɗakin gwajin jini nake,” in ji Auta. “Na rufe soket ɗin, ina so ka ji mini da kunnenka. Kana ji na?”

Yana jin ta. Ba zuuu, ba ƙaiƙayi, ba komai a layin sai ita, har numfashinta na wadda ta sha gudu. Ya buɗe baki zai ba ta amsa, sai hawaye suka riga shi.

“Baba? Halo? Baba! Wayyo, ko layin ne kuma?”

Ya cire tabarau ya goge fuska da hannun riga, nas ta kawar da kai ta shiga gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

“Layi ƙalau yake, Uwata,” ya ce. “Ni ne. Yi ta magana dai, ina jin ki.”